Tsamiyar Marasa Sallah

Zuwa ga
Shugaban Makarantarmu,
da Shugabannin Ƙungiyar Iyaye da Malamai,
Anka.

Ranku ya daɗe,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ku da aiki, da fatan kuna lafiya, ku da iyalanku.

Zan fara da abin da ban taɓa gaya wa kowa ba, ko Inna da ta haife ni. Sau goma sha ɗaya na shiga sahun sallar azahar a makarantar nan ina cikin jinin haila. Na yi alwala, na yi kabbara, na yi ruku'u, na kai goshina ƙasa, kuma ina sane. Na san adadin ne domin duk ranar da na yi haka, idan na koma gida sai in ja ɗan layi a bangon baya na littafina.

Ni ɗalibarku ce 'yar aji ɗaya. Bara na gama firamare a ƙauyenmu da ke kusa da Bagega, muka dawo cikin gari. Ni ba mai magana ba ce. Ko na san amsa a aji ba na ɗaga hannu, kuma na tabbata rabin malamanmu ba su san muryata ba. Na rubuta da Hausa don Turancina bai kai ba. Na kuma manna takardar a allon sanarwa maimakon in kai ofis, saboda duk takardar da za ta isa gare ku sai ta bi ta hannun malamin ladabtarwa, shi kuwa yana cikin maganar. Idan na yi rashin kunya a wani wuri, ku yafe mini. Ga abin da ya kai ni ga yin sallah ba tsarki.

1. Gindin tsamiya

Ranka ya daɗe, kai ofishinka yana can gaba, kuma a masallacin unguwa kake sallah, wataƙila ba ka taɓa ganin yadda ake yi ba. Idan an kaɗa ƙararrawar azahar, maza su nufi masallacin makaranta, mata su shimfiɗa tabarmi a barandar bayansa. Duk yarinyar da ba ta sallah ba a yarda ta zauna a aji ba. Dole ta fito ta zauna a gindin tsamiyar da ke tsakiyar fili, shugabar ɗalibai mata ta rubuta sunanta.

Tsamiyar nan tana kan hanyar famfo. Duk namijin da zai yi alwala sai ya wuce ta gabanta, zuwa da dawowa. Suna wucewa suna ƙirga mu da baki. Wani ya ce, “Kai jama'a, yau tsamiya ta yi ɗiya!” Wani ya ce, “Wagga tun Litinin take nan, a ba ta hayar wurin mana.” Akwai masu toshe hanci tun daga nesa, suna tafiya suna tangaɗi kamar za su faɗi, sauran na dariya. Har suna suka sa mana, 'yan tsamiya. Yaron da bai iya jadawalin sau bakwai ba ya san ranar da kowace yarinya a ajinmu take farawa da ranar da take gamawa. Wani ma ya taɓa gyara wa wata lissafi, ya ce mata ai wancan watan ranar Laraba ta fara.

A gida an ce mana wannan abu sirri ne, ko mahaifinki kada ya sani. A makaranta kuma an ɗauke mu an baza a fili kamar kuɓewar da ake shanya.

Watan da na fara, na zauna a gindin tsamiyar kwana biyu. A rana ta biyu ɗan maƙwabcinmu ya wuce da butarsa, ya dube ni, ya yi murmushi. Da yamma na je ɗiban ruwa, na tarar ƙannensa sun sani. Rana ta uku da aka kaɗa ƙararrawa na ɗauki takalmina na bi masu alwala.

2. Nuna shaida

Wannan ya fi na farko muni.

Dokar malamin ladabtarwa ita ce kwana bakwai. Idan sunan yarinya ya wuce kwana bakwai a littafin shugabar ɗalibai, ko ya dawo kafin wata ya cika, to ƙarya take yi sai ta kawo shaida. Shaidar kuwa ita ce a kai ta bayan ajin ƙarshe, wurin da ake zuba shara, ta nuna wa shugabar ɗalibai ƙunzugunta. Idan ta ƙi, bulala shida a hannu a gaban taro washegari, da sunan ta yi wasa da sallah.

Ina da ƙawa, Luba. Benci ɗaya muke zama tun ranar da na shigo makarantar nan. Ita ce ta fara yi mini magana, ita ke karanta mini allo idan rubutun ya yi ƙanana, ni kuma in yi mata lissafi. Nata bai daidaita ba tukuna, yakan ɗauke ya dawo. A zangon da ya wuce ta kai kwana tara a gindin tsamiya. Malamin ladabtarwa ya zo ya tsaya a kanta, a gabanmu da gaban masu alwala, ya ce, “Ƙarya kikai. Wace irin haila ta ba ta ƙarewa? Ku tai da ita ta nuna.”

Aka tafi da ita, aka ce ni in bi su in riƙe mata jaka. Ita kanta shugabar ɗaliban ta rufe hancinta da hijabi, ta kau da kai, tana cewa, “Ke yi sauri don Allah, ni ma ba so nikai ba.” Luba ta nuna. Gaskiya take faɗi. Muka dawo, shugabar ta ce wa Malam da gaske ne, shi kuma ya ce, “To,” ya juya ya tafi. Ko sannu bai ce ba.

Luba ba ta yi kuka ba. Ta karɓi jakarta, ta miƙo mini birona da ta ara, ta fita ta ƙofar baya. Tun daga ranar ba ta sake taka makarantar nan ba. Yanzu tana gida tana taya innarta suyar ƙuliƙuli. Na je sau biyu. Da na yi mata zancen dawowa, sai ta ce, “In dawo in nuna wa wa kuma?” A rajista an rubuta mata ba ta zuwa, shi ke nan. Babu wanda ya je ya tambayi dalili.

Na san abin da ya kawo dokar. Akwai waɗanda suka riƙa cewa ba sa sallah don su zame su je bakin ƙofa sayen awara. Wannan ba daidai ba ne, ban kuma goyi bayansu ba. Amma masu yin hakan ba su damu da tsamiya ba, har hira suke yi a gindinta. Mu masu kunya ne dokar ta kama. An kafa ta don a hana ƙarya, ga shi ta sa ni ina yin ƙarya a gaban Allah, fuskata na kallon gabas.

Kuma malamarmu ta Islamiyya ta karantar da mu cewa mai farawa tana iya kaiwa har kwana goma sha biyar, duk haila ce. Ban san inda aka samo bakwai ba.

3. Banɗaki

Ina roƙon ɗaya daga cikin iyayenmu mata na ƙungiya ta zo ta shiga banɗakin mata sau ɗaya, ba tare da an sanar za ta zo ba.

Ɗaki biyu ne. Ɗaya ramin ya cika tun kafin in zo, tsutsa na fitowa ta bakinsa idan an yi ruwa. Ɗayan ba ƙofa, wani tsohon kwano ne aka jingine, sai wata ta tsaya ta tare miki da hijabinta. Babu ruwa, babu buta. Famfo ɗaya ne a makarantar, shi ne wanda maza ke alwala, kuma wace yarinya ce za ta ɗebi ruwa a gabansu ta ratsa fili da shi zuwa banɗaki? A kusurwa akwai tarin tsummoki da ledoji da aka jefar, sun yi baƙi, ƙudaje sun rufe su, domin babu inda za a zuba su. Akuyoyin unguwa suna shigowa ta inda katanga ta faɗi su ja su zuwa fili. Na taɓa ganin maza suna buga wani da ƙafa kamar ƙwallo, suna tambayar na wace ce.

Saboda haka ba ma canjawa. Ƙunzugun da na sa da safe shi zan koma da shi gida, a zafin nan namu, a kan bencin katako. Ba na shan ruwa don kada fitsari ya kama ni. Idan malami ya ce in zo allo, sai in ce kaina ke ciwo. Ina jin warin jikina, ina kuma tunanin ta kusa da ni ma tana ji. A haka na shiga sahu. A sujada ba na iya cewa komai, tunanina duk yana kan ta bayana, ko ta ga wani abu a wandona. Wata rana da muka sallame na ga ɗan tabo a tabarma daidai inda na yi zaman tahiya. Na sa ƙafa na take shi har kowa ya tashi, na naɗe tabarmar da kaina. Washegari aka shimfiɗa ta, wata ta sa goshinta a wurin.

Ranka ya daɗe, ka yi haƙuri da wannan magana. Ni ma ban so rubuta ta ba. Amma idan karanta ta ya tayar maka da zuciya, ka tuna mu a ciki muke zaune kowane wata.

4. Darasin da aka tsallake

A littafinmu na kimiyya akwai babi a kan balaga da tsabtar jiki. Da muka iso wurin, malamin ya dubi shafin, ya yi gyaran murya, ya ce, “Wannan ku karanta gida.” Maza suka fashe da dariya, muka wuce zuwa babin tsirrai. Mu huɗu muke raba littafi ɗaya, kuma da Turanci yake.

Abin da na sani shi ne abin da Inna ta gaya mini ranar da na fara. Ta yaga tsohon zanenta gida huɗu, ta miƙo mini, ta ce, “To, kin zama mace. Ki wanke inda ba mai gani, ki shanya ƙarƙashin gado. In wani yag ga tsummanki, ba ki haihuwa.” Shi ke nan. Ba laifinta ba ne, abin da aka gaya mata ke nan. Sauran kuma a bakin ƙawaye na tsinta: wai ba a wanka sai an gama, wai shan ruwan sanyi yana daskarar da jinin a ciki, wai idan aka ƙona tsumma mahaifa ce ta ƙone.

Na bi duka. Tsumma a ƙarƙashin gado ba ya bushewa, yakan yi wari kamar rijiyar da aka daɗe ba a ɗiba ba, wani lokaci har da fumfuna a gefe. Haka nake mayar da shi da danshinsa. A wata na uku ƙaiƙayi da raɗaɗi suka hana ni zama. Na ce wa Inna marata ke ciwo, ta kai ni asibiti. Muka samu wata Sista, Kirista ce, ba 'yar nan ba. Ta sa Inna ta jira a waje, ta tambaye ni, “Yarinya, awa nawa kike barin shi a jikinki?” Na ce daga safe har la'asar. Ta riƙe haɓa. Ta ce, “A ina kike shanya shi?” Na faɗa mata. Ta ce, “Wayyo 'yata. Rana ake ba shi. Ki wanke da sabulu, ki shanya a igiya, ki rufa ɗan mayafi mai shara-shara a kai in kina jin kunya. Kuma wa ya ce miki ba a wanka? Lokacin ne ma ya fi kamata ki yi.” Ta ba ni magani. Duk bayanin bai kai tsawon dafuwar shayi ba. Abin da ya gagari makaranta ke nan shekara guda.

Abin da ke ba ni mamaki, mu mutanen wajen Bagega mun san yadda ake koya wa gari tsabta idan an ga dama. Ina goye aka kankare ƙasar tsakar gidanmu saboda gubar dalma. Na tashi ina jin ana faɗa a masallaci, a kasuwa, a gidan suna: kada a niƙa dutsen zinare a gida, mai aikin rami ya yi wanka ya canja kaya kafin ya shigo, a wanke wa yara hannu kafin su ci abinci. Liman ya faɗa, mai gari ya faɗa, babu wanda ya ji kunya. Yaro ɗan shekara biyar a ƙauyenmu zai iya gaya maka. Amma abin da ke zuwa wa kowace mace duk wata, an rasa mai buɗe baki ya koya mana. Bakin da ake buɗewa a kansa na tsokana ne kawai.

Ranar Asabar da ta wuce, a Islamiyya, wata ta tambayi malama hukuncin wadda ta yi sallah tana haila da gangan. Malama ta ce sallar ba ta yi ba, kuma ta yi saɓo, sai ta tuba. Ta ce, “Allah ya ɗauke muku, ku kuma ku ce sai kun ɗauka? Wa kuka fi jin tsoro?” Na sunkuyar da kai. Da na ɗago, na ga 'yan makarantarmu biyu su ma kansu na ƙasa.

Abin da nake roƙo

Ba ni da ikon ba ku umarni, ni 'yarku ce. Roƙo nake yi.

A daina fitar da mu gindin tsamiya. Wadda ba ta sallah a bar ta a aji, ta yi karatunta.

A daina nuna shaida, yau ba gobe ba. Allah da ya ɗauke mana sallah bai ce mu kawo shaida ba. Muna da malamai mata biyu a makarantar nan. A bar zancen sallar mata a hannunsu, namiji ya fita daga ciki. Idan ana zargin wata da ƙarya, malama ta kira ta ita kaɗai ta yi mata nasiha. In ta ci gaba, tsakaninta da Ubangijinta.

A sa wa banɗaki ƙofa mai sakata, a ajiye randa ko durom a cikinsa da buta biyu, a haƙa rami mai murfi na zuba abin da aka gama da shi. Ɗiban ruwan mu za mu riƙa yi da kanmu, aji-aji, kamar yadda muke shara.

A samo mace, malama ko ma'aikaciyar asibiti, ta zauna da mu mata zalla ko sau ɗaya a zango, ta yi mana bayani da Hausa, mu yi tambaya ba mai dariya. Idan da hali a gayyato iyayenmu mata, don abin da za a koya mana kada mu je gida a ce mana bidi'a ce.

Na ƙarshe, don girman Allah wani babba ya je gidan su Luba. Ba sai an ba ta haƙuri a gaban taro ba, ita ma ba za ta so haka ba. A je kawai a ce mata an daina. Ta fi ni ƙoƙari a Turanci nesa ba kusa ba.

Ina roƙon Allah ya ƙara muku lafiya da basira, ya sa ku gama da aikinku lafiya, ya shirya muku zuriya. Allah ya sa 'ya'yanku mata kada su taɓa zama inda muka zauna. Shi ma malamin ladabtarwa ina yi masa addu'a, domin na san a ganinsa addini yake karewa. Ni kuma Allah ya yafe mini goma sha ɗayan nan.

Jarrabawar ƙarshen zango saura mako biyu. Na ƙirga kwanakina, za su faɗo a cikinta. Na yi tunanin in zauna gida kamar Luba, na ga idan na zauna sau ɗaya ba zan dawo ba. Don haka zan zo. Idan an kaɗa ƙararrawar azahar ba zan shiga sahu ba, ba zan je gindin tsamiya ba, kuma ba zan bi kowa bayan aji ba. Zan zauna a bencina. Idan bulala ce, zan miƙa hannun hagu, don da dama nake rubutu.

Ban sa sunana a takardar nan ba, kunya ba za ta bar ni ba. Ba sai kun neme ni ba. Ranar za ku tarar da ni a aji.

Wassalam.

Ɗalibarku,
'yar aji ɗaya.